Tafiye-tafiyen Auta Bakwai Ne

Litinin, bayan tashi daga makaranta

Yau na ji daɗin aji. 'Yan aji biyu ne, darasin Turanci, mun zo kan maganar nan da ake yi idan an tara abubuwa ana son faɗin jimlarsu, wato add up to. Littafi ya ba da misali da wani mutum mai sayayya a wani irin kanti da babu yaron da ya taɓa leƙa irinsa. Na rufe littafin. Tun da na fara riƙe alli ban taɓa ba yaro misalin da bai faru a duniya ba, kuma duk wanda ya zauna a ajina ya san da haka, don ni ma ba na gajiya da faɗa. Misalin ƙarya ba ya zama a kai.

Sai na ɗauko Auta, ƙanena. Direban babbar motar kamfanin magunguna ne, duk yaran sun san shi, don yakan tsaya bakin makaranta ya danna musu hon su yi ta ihu. Wancan makon tafiya uku ya yi, makon da ya wuce huɗu. Na sani ne saboda ni nake zuba masa abincin hanya a kula tun da cikin matarsa ya tsufa, ni kuma nake wanke kular in ya dawo. Na rubuta a allo: Three trips and four trips add up to seven. My brother's trips add up to seven. Na shiga buga tebur da dasta, 'yan ɓangaren taga su ce uku, 'yan ɓangaren ƙofa su ce huɗu, a haɗu a bakwai a yi tafi. Sai da Shugaban makaranta ya leƙo ya tambaya ko rabon alewa ake yi. Da aka tashi ina jin su suna yi har bakin titi.

Na ba Inna labari ina dariya. Ta ce in rage yabon yaron nan a cikin mutane. Na ce Inna ai ƙwazo ne, in ban faɗa ba wa zai faɗa?

Alhamis, da hantsi

An tafi da Auta.

Alhamis, da yamma

Bari in rubuta yadda aka yi. Ina cikin aji masinja ya zo ya ce ana nemana a ƙofa. Amarya ce, matar Auta, har yau haka muke ce mata. Mayafi a karkace, ta hau babur ta zo, ita da aka hana ta ɗaukar ko bokiti. Ta ce, "Yaya, sun tafi da shi." Na ce su wa? Ta ce 'yan sanda, daga harabar kamfani, a gaban abokan aikinsa. Na ce me ya yi? Ta ce ita ma abin da take ta tambaya ke nan.

Mun je ofishinsu. Benci ɗaya, bango duk shatin kawunan mutane, wani mai kaki yana yanke farce ya ce mu dawo gobe, bincike ake. Na san na ɗaga murya. Ban tuna duk abin da na faɗa masa ba, sai dai Amarya ce ta ja ni waje da tsohon cikinta, abin kunya.

Auta fa. Yaron da na goya har bayana ya yi kanta, wanda in ya taka kaza a hanya sai ya tsaya neman mai ita. Na kasa haɗa sunansa da wurin nan a cikin kaina.

Inna ba ta yi kuka ba. Ta ce a shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa, ta zauna tana kallon hanya. Da ma ta yi kukan, da ya fi mini sauƙi.

Juma'a, bayan la'asar

Ba su bari mun gan shi ba.

Kowa da nasa labarin. Mai shagon kusurwa ya ce man mota ake sacewa. Maƙwabciyata ta ce kaya ne suka ɓace a sito. Wani direba abokin Auta ya zo jaje, ya zauna yana murza hula, ya ce akwai magungunan da kwanansu ya ƙare waɗanda ake kaiwa a ƙone, sai kuma ya yi sauri ya ce shi fa bai san komai ba. Kowanne na ce masa ƙarya ne. Na ukun na faɗa masa da ƙarfin da sai da ya miƙe ya yi sallama ko ruwa bai sha ba.

Lahadi, da safe

Sau biyu na wanke kular nan yau, alhali ba a zuba komai a ciki ba.

Litinin, da yamma

Mun samu lauya, wani gajere mai saurin magana, teburinsa ba ka ganin katakon don takardu. Ya ce mu kwantar da hankali, hujjar kamfani ba ta da ƙwari. Na'urar ƙirga tafiya ta motar ta daɗe da lalacewa, masu gadi kuma ana canza su, babu wanda ya riƙe komai. Ya ce, "Abin da suke cewa kawai shi ne, a makonni biyun nan sau huɗu aka aike shi, amma wani ya tsegunta wa Manaja cewa sau bakwai motar ta fita. Wanda ya faɗa ne ba mu sani ba."

Amarya ta ce Allah ya isa tsakaninta da ko wane ne. Ta faɗa sau uku.

Na ji kamar an kwara mini ruwan sanyi daga ka har ƙafa. Lauya ya tambaya ko lafiya, na ce ɗakin ne ya yi zafi.

Ai ba ni kaɗai na iya ƙirga ba a garin nan.

Talata, gab da magariba

Ina yanka albasa na ji su. Yaran layinmu, suna tsallen igiya a ƙarƙashin tagar kicin, rabinsu ma ba 'yan ajina ba ne, wasu ko makaranta ba su shiga ba. Uku, huɗu, a haɗu a bakwai, tafi. Turancin ya karkace a bakinsu amma bakwai ɗin na nan daram, da my brother ɗin.

Na fita da wuƙar a hannuna ban sani ba. Na daka musu tsawa suka watse, wata ƙarama ta faɗi ta goge gwiwa. Ban taɓa tsorata yaro haka ba.

Inna tana kan tabarmarta ta ce, "Me suka yi miki? Waƙarki ce fa." Ba ta jin Turanci. Ta ce ma tana da daɗi.

Laraba, lokacin hutun tara

'Yar Manaja tana ajina. Layi na biyu, kusa da taga, cikin masu cewa uku. Na sani, tun farkon shekara na sani, ni na cike mata katin shiga. Yau kujerarta ba kowa.

Laraba, bayan tashi

Shugaba ya kira ni ofis ya rufe ƙofa da kansa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi jikin Inna, ya gyara tutar kan tebur, sannan ya ce Manaja ya zo ya cire 'yarsa, wai ba ya son a tsangwame ta. Ya ce yarinyar wanke-wanke take yi tana rerawa, uban yana alwala a tsakar gida, ya ce ta sake faɗa. Ta sake. Ya ce ɗan'uwan wa? Ta ce na Malama, mai hon. Ya ce ai misali ne. Ta ce a'a, Malama ba ta ba da misalin ƙarya.

Shugaba ya ce, "Malama, ni ba laifinki nake gani ba." Na ce to laifin wa kake gani? Ya ci gaba da gyara tutar.

Baki shi ke yanka wuya. Sau nawa na rubuta wannan a allo in ana darasin karin magana, ina bayani ina kaɗa kai kamar wadda ta san wani abu.

Alhamis, bayan tashi

Darasi ba ya jiran kowa. Yau amount to, ƙanwar waccan. Na yi bayani muryata kamar ta aro: ana yin ta a faɗin jimla, ana kuma yin ta a ce abu kaza daidai yake da abu kaza ko da sunansu ya bambanta. Da aka zo misali na buɗe littafi na kwafe na mutumin kanti. Ajin ya yi tsit. Wani mai baki a layin baya ya ce, "Malama, wane ne wannan? A ina yake?" Na ce ya rufe mini baki ya rubuta. Ba a buga tebur ba, ba a yi tafi ba, kuma na tabbata gobe babu wanda zai tuna.

Juma'a, da yamma

Na faɗa musu. Ban shirya ba, Amarya ce ta sake jan Allah ya isa a kan tabarmar Inna, na ji ba zan iya ɗaukar ta huɗu ba.

Amarya ta dube ni kamar ta ga baƙuwa. Ta ce, "Yaya, ke?" Sai ta dafa bango ta miƙe ta shiga ɗaki. Inna ta ce, "Waƙar nan?" Na ce e. Ta ce, "Wadda na ce tana da daɗi?" Na ce e, Inna.

Ta ce in ɗauko mata maganinta. Na ɗauko, ta karɓa ba ta bari yatsunmu sun haɗu ba.

Asabar, da rana

Da na faɗa wa lauya, murna ya yi! Har da tafa hannu. Ya ce in dai wannan ce hujjar tasu to an gama, waƙar yara ce. Za a kira ni in ba da bayani ranar Alhamis, abin da zan ce kawai shi ne misali ne na ƙirƙira, uku da huɗu lambobi ne da suka zo mini a ka. Ya ce, "Wane malami ne ba ya ƙirƙirar misali?" Amarya ta kalle ni, na kalli takardun.

An bar mu mun ga Auta ta taga mai ƙarfe. Ya rame, gemu ya fito masa kamar ba shi ba. Lauya ya riga ya gaya masa. Na zaci zai zage ni, na ma so ya zage ni. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Yaya ke da misalanki." Sannan ya rage murya. "Ki ce musu wasa ne kawai. Shi ke nan fa. Ki fitar da ni kafin ta haihu."

Na ce, "Auta, me ka ɗauka a sauran ukun?" Ya juya ya tambayi Amarya ko ƙafarta ta daina kumburi.

Da za mu fita wani jami'i ya miƙe tsaye ya ƙame, ya ce barka da rana Malama. Sai da na duba sosai na gane shi. Sarkin Barci muke ce masa, shekara uku a ajina kansa a kan benci. Yanzu ya yi ƙiba, shi ne mai binciken Auta.

Lahadi, da yamma

Amarya ta zo da kanta, ta durƙusa da ƙyar ta ce in yafe mata Allah ya isan da ta ja, ba ta san ni ce ba. Ni ake ba haƙuri. Na rasa inda zan sa kaina.

Sai aka zaunar da ni ana koya mini. Amarya ce ɗan sanda, Inna mai sauraro. "Malama, tafiya nawa ƙanenki ya yi?" Ban sani ba. "To waƙar fa?" Misali ne, ƙirƙira na yi. Inna ta ce in daina kallon ƙasa. Muka sake. Ta ce in daina haɗiyar yawu. Muka sake. Ni da nake sa yara maimaici, yau ga ni ana sa ni, kuma ni ce daƙiƙiyar ajin.

Inna ta ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ke kika jefa shi, ke za ki ciro shi." Na ce to.

Litinin, da safe

Misali ne, ƙirƙira na yi. Na faɗa a banɗaki, na faɗa a hanya. Ya fara zama.

Talata, bayan la'asar

Akwai abin da nake ta kewayewa tun ranar da abokin Auta ya zo yana murza hula. In ban rubuta ba zai fasa mini kai.

A cikin makon tafiya huɗun ne. Na kai masa kula har mota, ya buɗe ƙofa, na ga kwali a ƙasan kujera, maganin hawan jini irin na Inna sak. Na ɗauki fakiti ɗaya ina wasa, na ce yauwa, nata ya kusa ƙarewa, ka hutar da ni. Ya fizge. Auta bai taɓa fizge abu a hannuna ba tun yana rarrafe. Ya ce, "Wannan ba na Inna ba ne, Yaya. Kar ki taɓa ba ta irin wannan." Sai ya yi dariya ya ce shi zai sayo mata a kemis, kuma ya sayo.

Ba na Inna ba ne. To na uwar wa ne?

Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Ƙila kayan mutane ne kawai ba ya son a taɓa. Ƙila.

Laraba, da yamma

Inna ta sa na goge atamfar da zan sa gobe. Ta ce mai gaskiya da kyan shiga ake gane ta. Amarya ta kwana biyu tana jin ciwon baya, ungozoma ta ce saura ƙiris.

Misali ne, ƙirƙira na yi. Misali ne.

Alhamis, bayan la'asar

Lauya bai iso ba, wai yana kotu, ya aiko in shiga kawai, abu ne na minti biyar.

Sarkin Barci ya ba ni kujerarsa ya ɗauki ta baƙi. Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya tambayi makaranta, ya ce har yau yana tuna misalin da na ba su da akuyar maƙwabcinmu da ta cinye mini takardun jarrabawa. Muka yi dariya, ni da shi, a wurin nan. Sai ya ɗauki biro ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, ni tambaya ɗaya ce. Wannan abin da yara ke rerawa, misali ne kawai irin na aji, ko? Ai malamai kan ƙirƙira."

Ya sani. Duk barcin da ya yi a ajina ya sani. Ƙofa ya buɗe mini, ya kauda kai don in wuce.

Na buɗe baki da maganar da aka koya mini, tana nan a kan harshena. Sai na ga hannun Auta yana fizge fakitin nan. Na ga wata tsohuwa da ban sani ba a kan tabarma a wani gari, 'yarta na miƙa mata ruwa da ƙwaya.

Na ji wata murya ta ce, "Bakwai ne. Ni na zuba masa abincin hanya."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Malama, ban ji ba, hayaniya ta yi yawa a waje." Babu wata hayaniya. Ya ba ni lokaci, har ya cire murfin biro ya mayar. Na sake faɗa. Na ƙara da maganar kwalin, wadda ko tambayata bai yi ba. Ya rubuta a hankali, ya juyo mini takardar na sa hannu, hannuna ko rawa bai yi ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Ban yanke shawara ba. Ina so in rubuta wannan a wani wuri. Ban zauna na auna na zaɓa ba, fita kawai ta yi. Ban san ko tsoron Allah ne ko girman kai ne irin nawa ba.

Ina fitowa aka zo wucewa da Auta a baranda, hannu a ɗaure. Ya roƙi mai riƙe da shi ya tsaya. Ya durƙusa har ƙasa kamar kullum ya ce, "Yaya ina wuni." Na ce lafiya. Ya matso ya ce a hankali, "Kin faɗa musu?"

Na ce, "Na faɗa."

Ya sauke wata irin ajiyar zuciya, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Na gode, Yaya. Na san ba ƙaramin abu ba ne a wurinki. Allah ya bar mu tare."

Na ce babu komai.

Alhamis, da magariba

Inna ma haka ta tambaya, haka na amsa. Ta kama kaina da hannu biyu ta sa mini albarka, irin wadda rabon da ta sa mini tun ina budurwa. Amarya ta ci abinci har da ƙari. Gobe ko jibi lauya zai ga takardar.

Juma'a, da safe

Inna ta tashi daga bakin ƙofa. Ta share ɗakin Auta da kanta, ta shanya katifa, ta hana kowa taya ta. Da zan fita makaranta ta kira ni ta ce in biya shago in sayo reza, don in ya dawo ba zai so jaririn ya fara ganinsa da gemun nan ba.

Na saya.